Cajar Baba Ta Ɓata

YAYA: Salamu alaikum. Auta, kina ji na?

AUTA: Wa alaikumus salam. Ina ji, Yaya. Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya gida?

AUTA: Lafiya.

YAYA: Ya ɗinki?

AUTA: Da godiya. Ya Anti da yara?

YAYA: Suna gaishe ki. Ƙaramar ma ta fara tafiya.

AUTA: Ta fara me? Ƙara ta yi yawa a wajenka.

YAYA: Tafiya. Kaya ake saukewa, bari in zaga bayan sito. Yanzu fa?

AUTA: Ya fi. Allah ya raya ta.

YAYA: Amin. Ya gajiya?

AUTA: Tana nan inda ka bar ta.

YAYA: Sai haƙuri. Ya jikin Baba? Ya tarin?

AUTA: Da sauƙi.

YAYA: Yana kusa?

AUTA: Ya ɗan sauka ƙasa.

YAYA: Ƙasa ina?

AUTA: Ƙasa dai, Yaya. Bene muke, duk inda mutum ya je ƙasa ne.

YAYA: To ashe gaskiya ne. Direbanmu da ke kawo muku saƙo ya ce wancan zuwan ya ga Baba zaune a bencin mai caji, tsakanin mai aski da tsohon kwandastan motar Baba, kowa da karan sigari a baki, hayaƙi kamar ana ƙona taya. Da ya tambaya, aka ce wai cajar sigarin nan na lantarki da na saya masa ce ta ɓata, shi ya sa yake kai shi caji can.

AUTA: Haka ne.

YAYA: Kuma ba ki gaya min ba.

AUTA: Ba ka tambaya ba. Tari kake tambaya kullum, ni kuma ina ba ka labarin tari.

YAYA: Auta, mutumin da likita ya nuna wa hoton ƙirjinsa ya ce ya bar taba, shi za ki bari ya koma cikin mashaya? Saboda caja? Abin da ba ya da tsadar komai. Na riga na sayo wasu, har guda uku, da batirin ajiya. Suna hannun direba, kafin magariba zai iso.

AUTA: Kira shi ka ce ya wuce da su.

YAYA: Ya yi me?

AUTA: Ya wuce. Kada ya hawo da su.

YAYA: Layin ne ko ke ce?

AUTA: Ni ce. Cajar ba ta ɓata ba, Yaya. Ni na ɗauke.

YAYA: Ban gane ba.

AUTA: Tana aljihun keken ɗinkina, ƙarƙashin zare. Na yi shara har ƙarƙashin gadonsa ina taya shi nema.

YAYA: Wasan nan naki na yarinta har yanzu bai bar ki ba? Da lafiyar Baba?

AUTA: Da ina da ƙarfin wasa ai da na gode Allah. Tsaya ka ji. Ka tuna dokar Mama?

YAYA: Wacce a ciki? Suna da yawa.

AUTA: Ba a shan taba a cikin gidanta.

YAYA: Na tuna.

AUTA: Bayan ta rasu bai karya ba ko sau ɗaya. Kuma ka san shi, ba ya sayen kwali, wai idan ya ajiye zai shanye. Kara ɗaya yake saya. To kowace taba sai ya sa hula, ya nemi takalmi, ya sauka, ya gaisa da mai shago, ya yi musun ƙwallo, ya zagi mai aski, ya hawo. Wuni guda yana hanya.

YAYA: Yana kashe kansa a hanya.

AUTA: Ban musa ba. Sai ka aiko da sarewar nan.

YAYA: Sarewa?

AUTA: Haka yake kiran ta. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, wannan ai ba taba ba ce, ba wuta ba toka, dokar mamanku ba ta hau kanta ba. Ya kwanta a gado ya ja. Daga ranar, Yaya, takalminsa yana bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi gida a ciki.

YAYA: Amma tarin ya ragu ko bai ragu ba?

AUTA: Ya ragu.

YAYA: To.

AUTA: Ƙafa kuma ta kumbura. Silifas ma sai na tura masa da hannu. Abinci a gado, rediyo a gado, salla a zaune. Ɗakin kullum ƙamshin kankana kamar shagon alawa, kayan mutane da nake ɗinkawa duk sun ɗauka. Wata ta dawo da rigarta ta ce wane turare nake sa mata, tana so.

YAYA: Ai gara kankana da...

AUTA: Ka bari in gama. Da, da taba, in ta ƙare ta ƙare, ya yar ya tashi. Wannan ba ta ƙarewa. Tana hannunsa kamar carbi. In na leƙa, yana kallon silin yana busa. Na ce Baba mai aski yana tambayarka, ya ce a gaishe shi. Na ce ka sauka ka sha iska, ya ce in sauka in yi me? Wannan maganar ce ta tsaya min, Yaya. In sauka in yi me.

YAYA: Kin gaya wa likita?

AUTA: Na gaya masa. Ya ce ita ma sarewar so yake a rage a hankali har a rabu da ita, kuma lallai ya riƙa tafiya. Na ce to likita, zo ka ɗaga shi. Hello? Yaya?

YAYA: Ina ji. Ci gaba.

AUTA: Na zaci ya yanke. Ran da na ɗauke cajar, ya wuni yana jan abu ba ya kawowa. Ya yi fushi, ya ce ni da keken nan muna haɗiye kaya. Da la'asar sai na ji yana bubbuga takalmi a bango.

YAYA: Ya sauka da kansa?

AUTA: Yana riƙe ƙarfen bene yana hutawa, amma ya sauka. Mai caji ya ce sai ya jira ta cika. Yanzu kullum da hantsi zai sa hula ya ce bari ya kai sarewa asibiti. Suna ta tsokanarsa a bencin, wai direban babbar mota ya koma shan fida kamar jariri. Jiya da ya dawo yana dariya shi kaɗai a bene. Ka san rabon da in ji wannan?

YAYA: Na ji. Amma ki duba ta nan. Yana zaune, abarsa tana jikin waya ba ta hannunsa, hagu da dama ana busa masa ta gaske. Mutum ne fa. Rana ɗaya zai miƙa hannu, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza. Kin taɓa tunanin haka?

AUTA: Kullum. In ya dawo ina karɓar hularsa kamar ladabi, alhali shinshinawa nake. Hular da rigar duk suna warin hayaƙi. Yatsun ban sani ba, ba zan kama hannun ubana in kai hanci ba.

YAYA: To kin gani. Ba ki sani ba.

AUTA: Ban sani ba. Abin da na sani, in aka hawo da cajar nan ya koma gado, ni zan ɗauke shi, kai za ka kira ka ce ya tarin.

YAYA: Wannan maganar ba ta yi daɗi ba, Auta.

AUTA: Yi haƙuri. Na gaji ne. Tsaya, ga shi yana hawowa. Kada ka ce komai.

BABA: Da wa kike? Ba ni wayar nan. Kai ne?

YAYA: Ni ne, Baba. Barka da yamma.

BABA: Barka kadai. Ya iyalin? Ya amaryata ƙarama?

YAYA: Ta fara tafiya.

BABA: Mu biyu ke nan. Ka bari in zauna, benen nan an ƙara masa tsawo. Daga ƙasa nake jin muryar wannan, ta manta tagarta a buɗe take.

AUTA: Baba, ni fa...

BABA: Ke yi min shiru. Kai, an ce ka aiko da caja?

YAYA: E, Baba. Tunda taka ta ɓata.

BABA: Tana aljihun keke, ƙarƙashin jan zare. Washegari na gan ta, ina neman almakashin yanke farce.

AUTA: Ka gani ka bar ni ina ta ɗaga katifa?

BABA: Ɗakin yana son shara dama.

YAYA: To Baba, me ya hana ka ɗauka?

BABA: Wutar mai caji ta fi ta gida kyau.

YAYA: Baba, tsakani da Allah, ina so in sani. A bencin nan, ana miƙo maka?

BABA: Kullum. Mai aski har kunna min yake yi.

YAYA: Kana karɓa?

BABA: Ina ce masa a'a, ya zage ni, in zage shi. Gobe ma haka. Ba zan rantse maka a kan jibi ba, ni ba yaro ba ne. Amma a ɗakin nan ba wanda ke miƙo min komai da zan ce a'a. Sai kwano, sai magani, sai in buɗe baki.

YAYA: To cajojin fa? Direba ya kusa.

BABA: Ka ce ya ajiye wa mai caji, wayoyinsa duk sun tsinke, da salatif yake ɗaure su. Ni ruwa na hawo sha, na bar sarewa ba ta cika ba, kuma kwandasta yana can yana ƙarya a kan wata tafiya da ni na tuƙa.

YAYA: Baba, tsaya, ban gama...

BABA: Auta, ta ina ake kashe abin nan?