Farar Riga a Cikin Ƙanƙara

A wani shago a Zakopane, garin duwatsu masu ƙanƙara, wata mata tana gwada wa 'yarta rigar sanyi, sai wani dattijo ya tsaya a kansu.

"Baiwar Allah, ajiye farar nan, ki ɗauki ja."

"Baba, na tambaye ka ne? Jagoda fara take so. Gobe za ta fara koyon zamiyar ƙanƙara a kan dutse, bar ta ta ji daɗinta."

"In hazo ya sauko, wa zai hango yaro mai fararen kaya a cikin ƙanƙara?"

"Malaminsu yana tare da su. Kada ka yi mana mugun baki."

"Shi ma Bartek ɗina yana da malami. Ranar da ya ɓata cikin hazo da fararen kaya, sau biyu muka wuce ta gefensa muna kiran sunansa."

"Yanzu yana ina?"

Dattijon ya miƙo mata jar rigar, ta karɓa.