Matar da Na Kora Daga Hoton Kwarin Trumalco

Mai girma shugaban taro, magajin garinmu Don Belisario Urrutia, limamin cocinmu Fada Anselmo, dattawan da suka sari dajin kudancin Chile da gatari har ya zama gari, iyayenmu mata, da ku 'yan ƙabilar Mapuche, 'yan asalin ƙasar nan, da ke tsaye a bakin ƙofa ruwan sama na dukan bargunanku, domin ba a tanadar muku kujera ba: ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da kuka taru don karrama ni, tsohon mai hoto Evaristo Quezada. Na gode da kuka rataya hotona na Kwarin Trumalco a wannan zaure. Sai dai ku yi haƙuri, yau bakina ba zai yi muku daɗi ba.

Na farko, ku san yadda muke aiki a 1883. Hoton da ake leƙawa ta madubi mai ido biyu, har dutse ya taso kamar ka taɓa shi, hotuna biyu ne. A kan gilashi muke ɗaukar hoto, kuma akwatina na ɗauka ido ɗaya gare shi, don haka sai in ɗauki gilashin hagu, in gusa akwatin faɗin yatsu huɗu, in ɗauki na dama. Duk wanda ya motsa ana cikin ɗauka, inuwa yake zama.

Na biyu, ga abin da ya faru. Na ɗauki na hagu, kwari fayau, ba kowa. Ina buɗe na dama sai wata dattijuwa 'yar Mapuche, Llanquiray, ta fito daga cikin itatuwa da tulunta. Matar nan da safe ta dama mini garin gasasshiyar alkama na sha. Amma na daka mata tsawa: "Ke tsohuwa, kauce! Kin ɓata mini gilashi!"

Ta ajiye tulun ta ce, "Kai baƙo, shekara sittin ina ɗibar ruwa a nan, yau ni ce na tsare maka hanya?" Ta juya ta tafi.

Na ga gilashin dama ya ɓaci, sai na buga na hagu sau biyu na manna a kati, na aika birni. Masu rabon filaye suka leƙa, suka ce gani ya kori ji, ƙasa ce da ba mai ita. Da hotona aka auna kwarin, da hotona aka raba shi, da hotona aka kori gida goma sha ɗaya zuwa kan duwatsu. Llanquiray ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Na sani, na yi shiru, na ci gaba da karɓar yabo shekara arba'in da huɗu. Wallahi ina jin kunya.

Na uku, gobe alƙali zai saurari ƙarar jikarta, Doña Eudocia, ga ta can a bakin ƙofa, tana neman a mayar musu da kwarinsu. Jiya na kai mata gilashin dama, wanda na ɓoye a ƙarƙashin gado. Ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Don Evaristo, ga tulun nan na gane shi, yana gidana. To ina fuskar kakata?"

Jama'a, babu fuska. Tsawata ce ta sa ta juya, ni na goge ta. Alƙali zai ce inuwa ce, kuma inuwa ba ta shaida.

Saboda haka nake roƙonku, dattawa. Don Froilán, kai ka ja sarƙar awon fili, ka ga hayaƙin gidajensu. Don Cipriano, har yau kana cin tuffar da suka dasa. Gilashi ba ya rantsuwa, mutum ke rantsuwa. Tsakaninmu da kabari taku kaɗan ya rage. Gobe da ƙarfe tara zan tsaya gaban alƙali, ko da ku ko ni kaɗai. Hoton nan kuwa ku sauke shi, ko ku rataya na dama kusa da shi.

Allah Ya jiƙan Llanquiray. Allah Ya ba jikarta haƙƙinta, Ya ba alƙali idanu biyu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Allah Ya gafarta mini, idan ita ta yafe.

Na gode.