Tumatirin Gonar Hambali

A tashar Kura, Sammani yana zaune yana gadin kwandunan tumatirinsa kafin mota ta cika, sai ya leƙa tsohuwar jaridar da wani ɗan siririn mutum ke karantawa kusa da shi.

"Malam, labarin Hambali ne, wanda ya kashe Isiyaku a bakin kanal kan rabon ruwa? Ai ni na ba ɗan jaridar labari."

"Ashe ka san shi?"

"Farin sani! Ƙato ne, ido jajur kamar garwashi. Da hannu ɗaya ya cilla Isiyaku ruwa, hularsa kawai aka tsinta."

"To ni na ji an ce Isiyakun ya dawo daga Kamaru, har da tumbi da rediyo mai kaset."

"Mamaci da rediyo? Haba malam! Abin da aka buga a jarida?"

"An ce ma an saki Hambalin."

Sammani ya gyara zama. "Allah ya kiyaye! Gonarsa dagaci ya ba ni aro da na taso daga Bunkure. Tumatirin nan duk daga can ne. In ya fito, ina zan sa kaina?"

Mutumin ya ninke jaridar, ya zura hannu a kwando, ya zaɓi nunanne, ya goge a riga, ya gatsa.

"Kai malam, na sayarwa ne fa!"

"Taki ya yi kaɗan," in ji mutumin yana tauna. "Kuma kana barin ruwa ya kwanta a gindin magaryata. Gobe zan zo in nuna maka. Ka gayyato ɗan jaridar, ya zo ya ga ƙaton."