Takobin Japan na Alhaji Lawali

Babur ɗina na kabu-kabu na sayar, na haɗa da awakin Iya, aka yi kuɗin jirgi. Ranar tafiya Iya ta yi kuka sosai, har yau ban tabbata ba ko don ni ne ko don jar akuyarta. Kai Mutari, tunda kai ne kullum kake damun uwarka da zancen Faransa, ajiye wayar nan ka matso. Ku ma ku saurara.

Na sauka Pari da biza ta 'yan watanni, ta ƙare, na zama abin da suke kira sampapiye, wato marar takarda. Makwanci na samu a Sabaran, wata unguwa a bayan gari, gidan wani ɗan Mali mai auna mana ruwan wanka kamar turare, patoro muke ce masa, wato maigida.

"Wa ya buɗe ruwan zafi?"

"Ni ne, patoro. Sanyi ake yi."

"A ƙauyenku bango ne ke ba da ruwan zafi?"

"A naku fa?"

Wannan amsar ta ƙara mini kuɗin haya.

Aiki kuwa a wata unguwar manyan ɗakunan ajiya na samu, masu garin suna murɗe baki su ce Obarbiliye, mu dai Ubanbiliya muke cewa mu huta. Maigidana Alhaji Lawali ne, mutumin nan Damagaram, dillalin takalma da jakunkuna. Ni ke ɗaukar kwali, ni ke riƙe masa jaka. Ya yi mini alkawari gaban mutane cewa zai rubuta ni ma'aikacinsa, ya biya lauya da harajin da maigida ke biya, in samu takardar zama. Wannan takardar ita ce duk abin da nake nema a duniya, don da ita zan iya zuwa in ga Iya in koma. Kullum sai ya ce, "Bari kasuwa ta buɗe, Issufu." Kasuwa ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa, ina nan ina jira.

To, wani abokin gasarsa, ɗan Agadas, ya rataye takobin Buzaye mai azurfa a falonsa, kowa ya je sai ya yaba. Abin ya tsaya wa Alhaji a wuya. Ya ce ai shi kakansa mayaƙi ne, alhali duk garin nan an san allura da madubi tsohon yake talla. Ya rantse sai ya mallaki takobin da ya fi na kowa, irin na Japan, kuma ba na kanti ba, wanda za a ƙera don shi.

Aka ce masa akwai wani Bature a garin Liyo mai shagon irin waɗannan kaya, kuma wani tsohon maƙeri daga Japan ya sauka wurinsa. Muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, ni da Alhaji da 'yarsa Nafisa. Can aka haife ta, ta yi karatun lauya, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Hausarta kuwa ta cikin gida ce, ta gaisuwa da addu'a da "zo ki ci abinci". Ba ta taɓa taya ko tumatir a kasuwa ba. Alhaji yana jin Faransancin ciniki, amma ya ce babban mutum da tafinta yake magana.

Maƙerin ɗan tsamurmuri ne, hannuwansa duk tabon wuta. Shi ya faɗa da yarensu, Bature ya juya, Nafisa ta juyo mana. Wai ƙarfen daga baƙin yashi ake narko shi, a yi ta ninke shi ana duka. Wai doka ta hana shi ƙera da yawa a wata, ga layin masu jira, sai an yi shekaru. Wai shi ruwan takobin kawai yake yi. Mai wasawa daban, mai kube daban, mai naɗa ƙota daban, kowa da ladansa. Ina jin Alhaji bai ji ko ɗaya ba, yana can yana shirin kushe kaya yadda aka saba.

Aka zaro wani takobi a nuna wa Alhaji. Ya taɓe baki.

"Ce masa wannan karkatacce ne. Kuma baki ɗaya gare shi, rabin takobi ke nan."

Nafisa ta ji kunya, ta ce musu babanta ya yaba da lanƙwasar. Tsoho ya sunkuya. Alhaji ya ƙara leƙawa.

"Wannan zanen da ke bin kaifin kamar sawun maciji fa? Tabo ne, a rage."

Daga baya na ji ashe zanen nan shi ne abin alfaharin maƙeri. Ta ce babanta ya lura da zanen. Tsoho ya ƙara sunkuyawa, har idonsa ya kawo ruwa, ya samu masani daga Afirka.

Sai aka faɗi kuɗi. Yara, kuɗin zai gina gida mai bene a nan, har da rijiya. Alhaji ya ce, "Albarka!" Ya tashi, ya kaɗe riga, ya nufi ƙofa a hankali yana jira a kira shi. Ku kun san albarkar kasuwa, ba a daidaita ba ke nan. Nafisa kuwa albarkar da ta sani ita ce ta "Allah ya yi miki albarka". Ta juya wurin Bature da murmushi ta ce babanta ya ba da benediksiyo, wato ya sa wa cinikin albarka.

Ni kuma kalma ɗaya na sani mai wannan wutsiyar, wadda ake liƙawa a kantuna lokacin rangwame: rediksiyo. Alhaji ya yafuto ni daga bakin ƙofa.

"Mi ta ce musu?"

"Rediksiyo ta nema, Alhaji."

"Shi kuma?"

"Ga shi can yana ta sunkuyawa."

Bature ya kawo takarda, a jiki an rubuta rabin kuɗin. Alhaji ya dube ni, ya kashe ido.

"Baba, akont ne fa," in ji Nafisa. Kafin alƙalami take nufi.

"Ke, tun ba a haife ki ba nake kont, lissafi za ki koya mini? Ba ruwan mace da ciniki."

Ya sa hannu. Duk hanyar komawa yana waya, yana ba da labarin yadda ya karya Bajapane biyu. Kafin Juma'a babu Bahaushen da bai ji ba, daga unguwar Lakurnab can Faransa har Maraɗi.

Shekaru suka wuce, ina ɗaukar kwali, ina sauya hanya in na hango 'yan sanda a tasha. Rannan Bature ya kira, takobi ya ƙeru, a aiko da cikon rabi, da na mai wasawa. Ihun Alhaji har maƙwabtanmu 'yan Sin suka leƙo. Aka zauna aka warware zancen, Nafisa ta maimaita abin da ta ce.

"Issufu! Ba kai ka ce rediksiyo ba?"

"Haka na ji, Alhaji."

"Kunnenka ya ci mini gida guda!"

'Yarsa ba ta yi laifi ba, bakinsa bai yi laifi ba, sai kunnena. Fasawa kuwa ba ta yiwuwa, ya riga ya cika duniya da baki. Ya biya yana zagi.

Takobi ya iso cikin wani farin itace marar ado, kamar muciya. Kube na gaske da ƙota sai an sake biya. Ba a taɓa ƙarfen da hannu, wai yana tsatsa, ba a kuma fita da shi titi. Na bari Alhaji ya huce, na same shi a biro, wato ofishinsa, na durƙusa.

"Alhaji, maganar takarduna. Iya ba ta da lafiya."

"Wane kuɗi ya rage? Na lauyanka shi zan ba mai kube. So kake a zo a ga takobina tsirara?"

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na san in na fita ƙasar babu komowa, amma na haɗa jakata. Kafin in tafi ya sa ni aikin ƙarshe, in kai wata ambulan a yi mata firam. A hanya na leƙa. Takardun takobin ne daga Japan, da sunan maƙerinsa, da ranar haihuwarsa, da tsawonsa, da izinin fita, hatimi ja a kan kowace. Ko wata bai yi a Faransa ba, komai nasa ya cika.

Na kai, aka yi firam mai ruwan zinariya, na rataye masa a falo da hannuna, na wuce filin jirgi. Na tarar an yi sadakar bakwai ɗin Iya.