Sunan Baba a Takardar Kamfani

Turai: Salamu alaikum, Yaya Isyaku. Ina wuni?

Isyaku: Wa alaikumus salam. Turai ce? Lafiya lau. Ya aiki, ya yara?

Turai: Alhamdu lillahi. Ya kasuwa? Ya jikin Inna?

Isyaku: Da sauƙi, ƙafar ce dai. Ya maigidan?

Turai: Yana gaishe ka. Yaya, kana shago ne? Hayaniya ta yi yawa.

Isyaku: Ina Kurmi. Wani ke sauke fatu a ƙofa... Kai, malam, ba a nan ba! Ina jin ki.

Turai: Daga wajen lauya nake, a kan takardun kamfaninmu.

Isyaku: Ai na ce ki biya abin da ake biya duk shekara, ki huta.

Turai: Yanzu abin ya wuce biya. Ya ce an tsaurara doka. Dole kowane kamfani ya bayyana masu shi na gaskiya, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta kowa. In ba haka ba sai a soke rajistar, banki ma ya tsayar da asusun.

Isyaku: A soke me? Muryarki na yankewa.

Turai: Rajistar! Kuma ka san masu sayen jakunkunanmu na waje ta asusun kamfani kaɗai suke hulɗa.

Isyaku: To ki rubuta masu shi mana. Alhaji Ilu da 'Ya'yansa. Ga shi nan a allon shago tun ba a haife ki ba.

Turai: Yaya, Baba shekararsa shida da rasuwa. A takarda har yau shi ne shugaba. Lauya ya nuna min sa hannunsa na bara.

Isyaku: Ni na sa.

Turai: Innalillahi! Kai?

Isyaku: Tun yana raye ni nake sa masa, da idonsa ya yi rauni. Shi ya koya min da kansa.

Turai: Lauya ya ce kada in yi maganar sa hannun nan a gaban kowa. Kuma yana son takardar shaidar rasuwa.

Isyaku: Wace takarda? Mutum ya cika da hantsi a ɗakinsa, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Duk unguwar Jakara ta yi masa salla. Su zo su tambayi liman.

Turai: Za a iya yin rantsuwa a kotu, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne fom ɗin. Akwai gurbin da ake rubuta kason kowa.

Isyaku: Mu ba mu raba ba. Tukunya ɗaya muke ci, ke ma kin sani. Wa aka taɓa hana wani abu?

Turai: Babu. Amma fom ba shi da gurbin tukunya ɗaya. Mu tara ne, ga Inna. Sai an kira malami ya fitar wa kowa nasa.

Isyaku: Wallahi na gaji, Turai. Shekara talatin ina yankan fata a wurin nan. A bari sai bayan salla.

Turai: Ƙarshen wata wa'adin da banki ya ba mu zai cika. Hello? Yaya?

Isyaku: Ina ji. To, shi ke nan. A kira Malam Musa ranar Asabar, ya raba yadda Allah ya ce.

Turai: Akwai kuma... ban so in faɗa a waya ba. Na kira Mikail, kamar sauran 'yan'uwa, don ya turo lambar shaidarsa. Ya ce da zarar an rubuta kasonsa, sayarwa zai yi. Wai har ya sami mai saye, wani mai kayan roba.

Isyaku: Na sani.

Turai: Ka sani? Tun yaushe?

Isyaku: Tun ranar sadakar ukun Baba ya same ni a zaure da maganar. Kina tsammanin mantuwa ce ta sa shekara shida ban cire sunan Baba ba?

Turai: Yaya... to yanzu me zan gaya wa lau... Hello? Hello, Yaya Isyaku?