Na'urar da ta ƙaryata makiyayan Korahane

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga kasuwar Dakoro nake rubuto maka.

Ina jinjina wa masu ilimin da suka ƙero aplikasiyon nan mai gano yabon ƙarya a shafukan sayar da kaya. Kai, basira ta yi basira! Ji aikin da ta yi mini.

Faifan sola da fitilu nake sayarwa, na kuma sa su a intanet don masu saye daga Maradi. Masu sayen kayana na gaske makiyaya ne daga Korahane da Bader Goula. Ba sa rubutu, sai ranar kasuwa suke shigowa. Suka zauna a shagona, kowa ya faɗi nasa, na rubuta da salulata: "Kaya sun yi kyau, Allah ya saka da alheri."

Na'ura ta ce salula ɗaya, rana ɗaya, magana ɗaya, wai ƙarya ce. Ta share su kaf, ta manna wa shagona jan tambari. Maradi ta daina kirana.

Sharhi guda ta bari: na maƙwabcina mai sayar da irin kayana, wanda ko fitila bai taɓa saye wurina ba. Ya zage ni da dogon Faransanci mai tsabta, ta ce wannan shi ne mai gaskiya.

To Malam, tambayar mini su: Faransanci zan koya wa makiyayan, ko addu'ar ce za su daina?