Zauren da Babu Shi a Takarda

Gidana na Borokiri ya sayu! Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya? Alhaji Sule mahauci ne daga Fatakwal.

Shekarun baya na ƙara zaure a gaban gidan. Liman ya yi addu'a, maƙwabta suka ci goro, na ɗauka magana ta ƙare. Da na tashi sayarwa don in koma kusa da jikokina, sai lauyan mai saye ya buɗe zanen gidan ya ce, "Baba, wannan zauren babu shi a takarda."

Na ce, "To yanzu a ina kake zaune?"

Ya yi dariya, amma ya ce in babu izinin hukuma, babu ciniki. Wata uku ina sintiri a ofishin tsara gari. Suka zo suka auna, suka ƙwanƙwasa bango, suka buga hatimi. Da kaina na karanta takardar, albarkacin ajin yamma!

Jama'a, ku nemi izini kafin ku ɗora bulo. Yanzu ina Rumuokoro, jikoki sai hawa kaina suke yi. Kowa ya zo ya gani, akwai balangu!